Tsakanin La'asar da Magariba: Kare Kuɗin Kula da Yara Bayan Tashi Daga Makaranta a Amurka

Gabatarwa



A kowace ƙasa mai makarantun zamani akwai waɗansu sa'o'i da jadawalin makaranta bai san da zamansu ba. A Amurka ana tashin yara wajen ƙarfe 3 na rana, amma galibin iyaye ba su baro wurin aiki sai ƙarfe 5 ko 6. Kwanakin karatu kuwa ba su wuce kimanin 180 a shekara ba, sa'an nan ga dogon hutu na wajen mako goma, daga watan Yuni zuwa Agusta, watau daidai lokacin da damina ta kankama a ƙasar Hausa. Tambayar da ta daɗe tana damun mahukuntan wannan ƙasa ita ce, wa ke riƙe da yaro a cikin waɗannan sa'o'i, kuma daga aljihun wa za a biya? Wannan lacca za ta bi tarihin kuɗin da gwamnatin tarayyar Amurka ke warewa domin wannan hidima, da yunƙurin da aka sha yi na soke shi, da abin da ya hana shi mutuwa. A ciki akwai darasi ga duk wanda zai riƙe alƙalamin kasafin kuɗi wata rana.

Asalin al'amarin

Ba gwamnati ce ta fara wannan aiki ba. Masu taimakon al'umma ne suka fara shi. A 1860 waɗansu mata a garin Hartford suka buɗe kulob domin yara maza da ke gararamba a titi. A 1889 Jane Addams ta kafa gidan Hull a Shikago, a unguwar baƙin haure matalauta, inda yara ke zuwa wasa da karatu da koyon sana'a bayan an tashi. A 1935 kuma attajirin masana'antar motoci Charles Stewart Mott ya haɗa kai da wani malamin motsa jiki, Frank Manley, suka sa aka riƙa barin makarantun garin Flint a buɗe da yamma. Hujjarsu mai sauƙi ce: jama'a sun riga sun gina ajujuwa da filin wasa da kuɗin harajinsu, don me za a garƙame su da kwaɗo tun rana tana tsaka?

Gwamnatin tarayya ta sa hannu sosai ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da maza suka tafi fagen fama, mata suka shiga masana'antun ƙera makamai. A ƙarƙashin dokar Lanham ta 1940 aka buɗe cibiyoyin renon yara fiye da 3,000, har da na 'yan makaranta. Yaƙi na ƙarewa, a farkon 1946, sai aka janye kuɗin, yawancinsu suka rufe, in ban da na jihar Kalifoniya wadda ta ɗauki nauyin nata. A watan Disamba 1971 majalisar dokoki ta zartar da wani babban shirin kula da yara, Shugaba Nixon ya ƙi sa masa hannu. Daga nan ana iya ganin halin wannan kuɗi tun asali: in ƙasa na bukatar hannun iyaye sai a tuna da yaransu, in bukata ta biya sai a manta.

Haihuwar asusun tarayya

Asusun da ake taƙaddama a kansa an kafa shi ne a 1994, zamanin Shugaba Clinton, da sunan Cibiyoyin Koyo na Al'umma na Ƙarni na 21. Ya fara da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1997 dala miliyan 1 ce kacal. A 1998 ta zama miliyan 40, a 1999 miliyan 200, a 2002 ta kai biliyan 1, watau miliyan dubu. Dokar ilmi da Shugaba Bush ƙarami ya sa wa hannu a watan Janairu 2002 ta miƙa ragamar rabon ga jihohi, kuma dokar ilmi ta Disamba 2015, zamanin Shugaba Obama, ta bar asusun da sunansa da babinsa. A 2024 kasonsa ya kai kimanin dala biliyan 1.3, yana kuma hidima ga yara fiye da miliyan ɗaya.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Ma'aikatar ilmi ta tarayya tana raba wa jihohi bisa ma'aunin yawan yara matalauta. Kowace jiha sai ta yi shela, makarantu da ƙungiyoyin unguwa da na addini su rubuto abin da za su yi, a zaɓi waɗanda suka cancanta, a ba su tallafin shekara uku zuwa biyar. Ana fifita makarantun da talakawa suka fi yawa. Abin da ake yi da kuɗin shi ne taimakon yaro da aikin gida da malami ya ba shi, da ƙarin lissafi da karatu, da wasanni, da kiɗa da zane, da ɗan abin taɓawa kafin a koma gida. Abinci kuwa babban al'amari ne, domin miliyoyin yara sun dogara ga abincin rana na makaranta, wanda doka ta tanada tun 1946. In an yi hutu sai tukunyar ta sauka, shi ya sa tun 1968 aka fito da shirin ciyarwa na lokacin dogon hutu.

Duk da haka ruwan bai kai ga kowa ba. Binciken da ƙungiyar Afterschool Alliance ta fitar a 2020 ya nuna yara miliyan 7.8 ne ke cikin irin waɗannan shirye-shirye, alhali iyayen waɗansu miliyan 24.6 sun ce da sun sami gurbi da sun sa nasu. Watau a bayan kowane yaro ɗaya da ke ciki akwai uku suna jira a ƙofa.

Abin da bincike ya nuna

Mai kare kuɗin jama'a wajibi ne ya san hujjarsa, ya kuma san inda take da rauni. Hujja ta farko ita ce ta tsaro. Ƙididdigar ma'aikatar shari'a ta Amurka ta daɗe tana nuna cewa a ranakun makaranta laifuffukan duka da rauni da yara ke aikatawa sun fi yawa a sa'o'in da ke biye da tashi daga makaranta, ba da tsakar dare ba kamar yadda mutane ke zato. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana nan tsakanin la'asar da magariba.

Hujja ta biyu ita ce ta karatu. A 1978 Barbara Heyns ta wallafa bincikenta kan yaran birnin Atlanta, ta nuna cewa a lokacin hutu ne ɗan talaka ke ja da baya, ɗan mai hali kuwa ya ci gaba, saboda gidansu akwai littattafai da tafiye-tafiye. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a baya, suka ƙiyasta cewa yaro kan yi asarar kimanin karatun wata ɗaya a dogon hutu, musamman a lissafi. A birnin Baltimo kuma Karl Alexander da Doris Entwisle suka bi sawun yara kusan 800 tun daga 1982, suka bayyana a 2007 cewa wajen kashi biyu cikin uku na tazarar iya karatu da ke tsakanin 'ya'yan talakawa da na masu hali, a farkon babbar sakandare, ta samo asali ne daga hutun shekarun firamare. Amma fa ba a bar wannan adadi ya kwana lafiya ba. A 2019 Paul von Hippel ya nuna cewa da aka yi amfani da sababbin hanyoyin auna jarrabawa, sai aka ga yawancin tazarar tana nan tun kafin yaro ya shiga aji ɗaya. Saboda haka mai hikima ba zai jingina dukkan gardamarsa ga adadin Baltimo ba.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi, domin an samo ta ta hanyar ƙuri'a, yadda ba za a ce yaran kirki ne kawai suka shiga ba. A 2012 birnin Shikago ya ba matasa daga unguwanni masu tashin hankali aikin yi na mako takwas a lokacin hutu. Matasa 1,634 aka sa a ƙuri'a, waɗansu suka samu, waɗansu ba su samu ba. Sara Heller ta bi su har wata 16, ta wallafa a 2014 cewa kamun da 'yan sanda suka yi wa waɗanda suka sami aikin kan laifuffukan tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin 100 idan an gwada da sauran. A birnin Niyok, wanda ke da irin wannan shiri tun 1963, binciken ƙuri'arsa ya nuna raguwar ɗauri da ma raguwar mutuwa a cikin waɗanda suka shiga. Haka kuma cibiyar RAND ta bi shirin karatun hutu a manyan birane biyar, ta tarar da cewa amfanin ya fi bayyana ga yaran da suka halarci kwana 20 ko fiye. Ma'anar wannan ita ce, rubuta suna a rajista ba ya ƙara wa yaro kome sai ya zo ya zauna.

Hari uku

Harin farko ya zo a 2003. Kamfanin bincike na Mathematica, wanda gwamnati ta ɗauka ya auna cibiyoyin, ya kawo rahoton cewa bai ga wani ci gaba na a zo a gani a sakamakon jarrabawa ba, kuma yaran ƙaramar sakandare ba su zuwa sai kamar sau ɗaya a mako. Gwamnatin Bush ta riƙe wannan rahoto ta nemi a zaftare kashi 40 cikin 100, daga dala biliyan 1 zuwa miliyan 600. Iyaye da malamai da shugabannin 'yan sanda suka tashi. Cikin waɗanda suka je gaban majalisa har da ɗan wasan sinima Arnold Schwarzenegger, ɗan jam'iyyar Bush ɗin, wanda a Nuwamba 2002 ya jagoranci ƙuri'ar raba gardama a Kalifoniya da ta wajabta wa jihar ware har dala miliyan 550 a shekara domin wannan hidima. Majalisa ta ƙi rage kuɗin. Abin lura shi ne masu gudanar da cibiyoyin ba su tsaya ga zagin rahoton ba. Sun koma sun gyara aikinsu ta fuskar halarta da horar da ma'aikata da tsara darasi.

Hari na biyu ya zo a watan Maris 2017, sa'ad da gwamnatin Shugaba Trump ta nemi a shafe asusun ɗungurungum. Daraktan kasafin kuɗi, Mick Mulvaney, ya ce babu shaidar cewa shirin yana ƙara wa yara ƙoƙari a makaranta. A lokacin jam'iyyar shugaban ce ke da rinjaye a majalisun biyu, amma maimakon su shafe, sai suka ƙara, kason 2018 ya haura dala biliyan 1.2. An sake kawo wannan bukata a shekarun da suka biyo, majalisa ta sake watsar da ita.

Hari na uku ya sha bamban da na baya, kuma shi ne ya fi cancantar ma'aikacin gwamnati ya yi nazarinsa. A 2025 majalisa ta riga ta amince da kuɗin, shugaba ya sa hannu, jihohi suna jiran a sakar musu ranar 1 ga Yuli kamar yadda aka saba. Ana gobe, ranar 30 ga Yuni, sai ma'aikatar ilmi ta aika musu cewa an dakatar da fiye da dala biliyan 6 na shirye-shiryen ilmi daban-daban, har da na waɗannan cibiyoyi, wai ana sake dubawa. Wannan kuwa ya faru ne ana tsakiyar hutu, an riga an ɗauki ma'aikata, iyaye sun riga sun tsara aikinsu. Ranar 14 ga Yuli jihohi 24 da gundumar babban birni suka shigar da ƙara kotu. Bayan kwana biyu sanatoci goma na jam'iyyar shugaban, a ƙarƙashin Shelley Moore Capito ta jihar West Virginia, suka rubuta takarda suna neman a saki kuɗin. Ranar 18 ga Yuli aka ba da sanarwar sakin na cibiyoyin, ranar 25 ga wata aka saki sauran. Dokar da ta hana shugaba danne kuɗin da majalisa ta ware tana nan tun 1974, an yi ta ne saboda Nixon ya yi irin wannan. Amma doka ba ta tashi da kanta ta kare kanta, sai da mutane suka ɗauke ta suka kai gaban alƙali.

Ingila: inda katanga ta faɗi

Domin a gane darajar abin da ya tsira a Amurka, sai a dubi inda bai tsira ba. A Ingila hidimar matasa tana hannun ƙananan hukumomi, kuma doka ta ce su tanade ta ne gwargwadon abin da zai yiwu, ba ta keɓe mata kuɗi na musamman ba. Da aka shiga tsuke bakin aljihu daga 2010, hukumomin suka kare abin da doka ta tilasta musu, suka yanke abin da ta bar wa ganin damarsu. Ƙungiyar YMCA ta ƙididdige a 2020 cewa kuɗin hidimar matasa a Ingila da Wales ya ragu da kashi 70 cikin 100 a cikin shekara takwas, kusan fam biliyan 1. A Landan wajen kashi 30 cikin 100 na kulob-kulob ɗin matasa suka rufe tsakanin 2010 da 2019. Binciken Carmen Villa da aka fitar a 2024 ya nuna matasan da aka rufe na kusa da su sun ja baya a jarrabawar shekara 16, sun kuma fi faɗawa cikin laifi, har ta ƙiyasta cewa kowane fam ɗaya da aka tsimi ya jawo wa al'umma asarar kusan fam uku.

A nan ne sirrin raunin wannan kuɗi yake. Ofishin da ya yanke shi zai ga rarar a littafinsa a wannan shekara, a yaba masa. Asarar kuwa sai bayan shekara biyar ko goma za ta fito, kuma a littafin wani za ta fito: na 'yan sanda, da na gidan yari, da na asibiti. Babu akantan da aka ɗora wa haɗa shafukan biyu.

Darussa ga mai riƙe da kasafi

Na farko, kuɗin da ke da suna da babi nasa a cikin doka ya fi wuyar kashewa. A 2025 gwamnatin Amurka ta kawo shawarar a narkar da shirye-shiryen ilmi 18, har da wannan, cikin asusu guda na dala biliyan 2, alhali jimlarsu a da ta fi biliyan 6. Irin wannan haɗe-haɗe kan zo da sunan sauƙaƙa aiki, amma abin da ya sami Ingila ya isa ishara. Abin da ya rasa suna, in ya ɓace ba mai cigiyarsa.

Na biyu, ware kuɗi dabam, sakinsa dabam. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ma'aikacin Nijeriya. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya domin ilmin tushe, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓa, kuma an sha ganin biliyoyin naira suna kwance shekara da shekaru saboda jihohi ba su kawo nasu ba. Shirin hutu kuwa ya fi kowane shiri tsoron jinkiri, domin kuɗin da ya iso bayan an koma makaranta ya zama ihu bayan hari.

Na uku, a riƙe ƙididdiga ta gaskiya. Wanda ya yi alkawarin cewa sa'a biyu da yamma za su kawar da talauci, ya miƙa wa abokin gardamarsa wuƙa. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne yara nawa suka zo, kwana nawa suka yi, me suka ci, me suka koya, iyaye nawa suka iya riƙe aikinsu. Rajistar halarta da aka cika da amana ta fi doguwar takardar roƙo amfani ranar kare kasafi.

Na huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya ceci asusun Amurka har sau uku shi ne yana shiga kowace jiha, birni da ƙauye, mazaɓar mai mulki da ta ɗan adawa, har ya zama babu ɗan majalisar da zai soke shi bai ji kukan mutanen garinsu ba. Tun shekarar 2000 cibiyoyin ke keɓe rana guda a watan Oktoba suna buɗe ƙofofinsu, su gayyato 'yan majalisa da 'yan jarida su ga yaran da idonsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, abokan da suka rubuta takarda a Yulin 2025 an yi shekaru ana nemansu.

Kammalawa

Al'ummar Hausa ta daɗe da sanin cewa yammacin yaro ba a barinsa fanko. Makarantar allo da ta Islamiyya, da zaman koyon sana'a a gaban maƙeri ko maɗinki, su ne ke riƙe da waɗannan sa'o'i, kuma da kuɗin laraba da gudummawar iyaye ake tafiyar da su. Amurkawa sun bi wata hanya, suka ɗora wani ɓangare na nauyin a kan baitulmali, sa'an nan suka gano cewa abin da aka ɗora a kan baitulmali sai an yi gadinsa kowace shekara. Ɗalibin da ke zaune a wannan zaure, gobe shi ne babban sakatare ko daraktan kasafi. Ranar da aka kawo masa fayil aka ce a nemo inda za a rage, zai tarar da cewa layin da ya fi sauƙin gogewa shi ne na yaran da ba su da ƙungiya, ba su yajin aiki, ba su jefa ƙuri'a. Kafin ya ja alƙalami, ya kamata ya aika a tambayo masa inda waɗannan yara za su kasance da ƙarfe 4 na yamma, da kuma ofishin da zai biya kuɗin abin da zai biyo baya.